Lafiyar Makaɗa da Mawaƙa: Haɗurran Sana'a da Kurakuran Fahimta

1.0 Gabatarwa

Kowace sana'a tana da irin ciwon da take jawo wa mai yin ta. Maƙeri yana fama da zafin wuta da tartsatsi, majemi yana fama da wari da tsagewar hannu, manomi kuwa ƙugunsa ne ke fara gazawa. Amma idan aka zo kan makaɗi da mawaƙi, mutane da yawa ba sa ɗaukar abin da suke yi a matsayin aiki mai cin jiki. Ana ganinsu cikin ado a fada ko gidan biki ko talabijin, ana yi musu liƙi, sai a zaci rayuwarsu duk shagali ce. Harshen kansa yana ƙarfafa wannan zato, domin a Hausa cewa ake yi makaɗi ya tafi "wasa", kalmar da ake amfani da ita ga abin da yara ke yi a dandali.

Wannan takarda za ta duba haɗurran da ke tattare da sana'ar kiɗa da waƙa, sashe bayan sashe na jiki, tare da kurakuran fahimtar da suka dabaibaye su. Abin da take son nunawa shi ne, mafi yawan ciwon da ke kama masu wannan sana'a yana da sanadi sananne a cikin aikin kansa, kuma sau da yawa fassarar da ake ba ciwon ta fi ciwon ɓarna, saboda ita ke sa a makara neman magani. Za a kawo misalai daga Turai da Amurka, inda aka fi gudanar da bincike kan al'amarin, sannan a auna su da yanayin makaɗa da mawaƙan ƙasar Hausa.

2.0 Yadda Likitoci Suka Fara Kula da Al'amarin

Likitan da ake ɗauka uba ga fannin cututtukan sana'o'i shi ne Bernardino Ramazzini, mutumin Italiya. Littafinsa kan cututtukan ma'aikata ya fito a 1700, aka faɗaɗa shi a 1713, kuma a cikinsa ya yi magana kan mawaƙa da sauran masu ci da murya. Shi ne ya shawarci likitoci da su riƙa tambayar majinyaci sana'arsa kafin su yanke hukunci kan ciwonsa.

Duk da haka, sai a ƙarshen ƙarni na 20 fannin ya tsaya da ƙafafunsa. A 1974 aka kafa cibiyar nazarin jikin makaɗa a makarantar koyon kiɗa ta Hanoba a Jamus. A 1986 wata likita a Amurka, Alice Brandfonbrener, ta fara fitar da mujalla ta musamman kan matsalolin lafiyar masu wasa. A 1988 kuma aka buga sakamakon wani bincike da ya girgiza masu sana'ar: an tambayi makaɗa 2,212 na manyan ƙungiyoyin kiɗan Amurka, sai kashi 76 cikin 100 suka ce suna da aƙalla matsala ɗaya ta lafiya mai tsananin da ke taɓa aikinsu. Waɗannan kuwa makaɗa ne masu albashi da ranakun hutu. Makaɗin da ke cin abinci daga biki zuwa biki, wanda ranar da bai fita ba tukunyarsa ba ta hau murhu, nauyin da ke kansa ya fi nasu.

3.0 Murya

3.1 Inda Murya Take Samuwa

Ɗalibin da ya karanta ilimin furuci ya san tantanin maƙwallato, ya kuma san bambancin sauti mai ziza da marar ziza. Wannan tantani shi ne jarin mawaƙi. Wasu ƴan leɓɓa ne guda biyu a cikin maƙwallato, tsawon kowanne bai kai rabin ɗan yatsa ba. Idan iska ta taso daga huhu ta ratsa tsakaninsu, sai su riƙa haɗuwa suna rabuwa cikin sauri, wannan karkarwa ita ce ziza. A maganar yau da kullum, tantanin namiji baligi yana haɗuwa sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa ɗaya, na mace kuwa wajen sau 200 ko fiye. Duk lokacin da aka ɗaga murya sama, yawan haɗuwar yana ƙaruwa. Duk lokacin da aka ƙara ƙarfi, bugun da leɓɓan ke yi wa juna yana tsananta. Mawaƙin da ya kwana yana waƙa ya gwabza waɗannan ƴan leɓɓa sau miliyoyi kafin asuba.

3.2 Abin da Ke Samun Ta

Illa ta farko ita ce kumburi, wanda ke sa murya ta dusashe bayan dogon wasa, ta kuma dawo bayan hutun kwana biyu ko uku. Idan ba a huta ba, sai wasu ƴan ƙulle-ƙulle su fito a inda leɓɓan suka fi bugun juna, tamkar kantar da ke fitowa a hannun mai daka. Su ke hana tantanin rufuwa ruf, sai iska ta riƙa zurarewa, murya ta yi kaushi, mawaƙi ya kasa kai wa inda ya saba kaiwa. Illa mafi ban tsoro ita ce fashewar wata ƴar jijiyar jini a cikin tantanin. Wannan kan faru farat ɗaya, ana tsakiyar waƙa sai murya ta ɗauke.

Haka ya faru ga Adele, mawaƙiyar Ingila, a 2011. Ta soke wasanninta, aka yi mata aiki a Boston cikin watan Nuwamba, ta yi makonni ba ta magana, sannan ta koma waƙa a watan Fabrairun 2012. Labarin Julie Andrews kuwa ya sha bamban: an yi mata aiki a maƙwallato a 1997, muryar waƙarta ba ta sake komawa yadda take ba. Darasin da likitoci suka ɗauka shi ne, wuƙa ita ce matakin ƙarshe. Ƙulle-ƙullen tantani galibi suna bajewa idan aka huta aka kuma gyara yadda ake fitar da murya.

Yanayin ƙasar Hausa yana da nasa ƙarin nauyi. Bukukuwa sun fi yawa bayan kaka, daidai lokacin da hunturu ke kawo ƙura da busasshiyar iska. A Nijar, gasar kokowar takobi, wadda aka fara a 1975, takan tara makaɗa su yi kwanaki a jere suna zuga ƴan kokowa a fili cikin ƙura. Lokacin yaƙin neman zaɓe ma mawaƙi kan yi wasa a garuruwa da dama cikin mako guda. Sanƙira da maroƙi da ƴan amshi duk suna cikin wannan haɗari, har ma sanƙira ya fi, tunda aikinsa ɗaga murya ne bisa ƙarar ganguna.

3.3 Kurakuran Fahimta Game da Murya

Kuskure na farko shi ne danganta ɗaukewar murya ga sammu. Kishi tsakanin makaɗa tsohon abu ne, habaici da zambo sun cika waƙoƙinsu, saboda haka idan murya ta ɗauke ana tsakiyar taro, abin da ke fara zuwa a zuciya shi ne abokin hamayya ya yi jifa. Wannan takarda ba ta shiga batun abin da mutum ya yi imani da shi. Abin lura kawai shi ne, a yau likitan kunne da hanci da maƙogwaro yana iya zura ƴar kyamara ya ga tantanin cikin ƴan mintoci. Idan jini ne ya fashe, ana ganin jan a fili, maganinsa kuma shi ne yin shiru ɗungum na wasu kwanaki. Mawaƙin da ya sha rubutu ya koma fage washegari don ya nuna wa maƙiya bai faɗi ba, yana iya mai da rauni na mako guda ya zama tabo na har abada.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar cewa zuma da citta da kanumfari da lemun tsami suna wanke murya. Duk abin da aka haɗiya ba ya bi ta kan tantanin maƙwallato. Akwai wani ɗan murfi da ke rufe hanyar iska lokacin haɗiya, abinci da abin sha su wuce ta baya zuwa ciki. Da zuma ta taɓa tantanin, da mai shan ta ya ƙware. Waɗannan abubuwa suna sanyaya maƙoshi, kuma ba laifi a sha su, sai dai ba sa warkar da rauni. Abin da ke taimakawa shi ne shan ruwa isasshe tun sa'o'i kafin wasa, da shaƙar tururin ruwan zafi, domin tururi yana bin hanyar iska. Alewar da ke sa maƙoshi sanyi kuwa tana iya rufe zafin da ke gargaɗin mawaƙi ya dakata.

Kuskure na uku ya shafi beli. A Nijar da arewacin Nijeriya har yanzu akan je wurin wanzami a yanke beli saboda ciwon maƙoshi ko tari. Beli yana can sama a ƙarshen hanɗa, nesa da maƙwallato, don haka yanke shi ba ya gyara dusasshiyar murya. Yana kuma iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Kuskure na huɗu shi ne zaton raɗa hutu ce. Raɗar da ake matsowa da ƙarfi tana gajiyar da maƙwallato, haka ma yawan kakari da gyaran murya. Akwai kuma masu sayen ƙwayoyin sace kumburi a kemis kafin wasa. Ƙwayar takan buɗe murya na dare ɗaya, amma raunin yana nan, mawaƙi ya ci gaba da murza shi bai sani ba. Aspirin kuwa yana ƙara yiwuwar zubar jini a tantanin.

Ƙa'idar da likitoci suka bayar mai sauƙi ce: dusashewar da ta kai mako huɗu ba ta tafi ba, a je a duba maƙwallato, wanda kuwa murya ce sana'arsa kada ya jira hakan. Dalili shi ne, tarin fuka da sankarar maƙwallato su ma da dusashewa sukan fara bayyana, musamman ga mai shan taba.

4.0 Kunne

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai kama da katantanwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, su ne ke mai da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Ma'aunin da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta shimfiɗa ya ce ana iya jure desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Wato 88 awa 4 ne, 91 awa 2, 94 awa 1, 97 minti 30, 100 kuwa minti 15 kacal. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar wuraren shagali, inda ta ce kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da lasifika a gidan biki, inda sai an yi ihu a kunnen na kusa kafin ya ji, ya san irin wannan ƙara. Mahalarcin biki yana tafiya gida bayan awa biyu. Makaɗi da mai haɗa sauti suna nan gobe da jibi.

Wani bincike da aka buga a 2014, wanda ya duba bayanan inshorar lafiya na miliyoyin mutane a Jamus, ya gano cewa haɗarin kurumcewa saboda ƙara ga makaɗa ya ninka na sauran jama'a fiye da sau uku. Sun kuma fi fama da ƙugin kunne, wato ƙarar da mutum ke ji shi kaɗai, dare da rana, ba tare da wani abu na kaɗawa ba.

Babban kuskure a nan shi ne cewar da ake yi kunne yana sabawa. Makaɗi kan ce da farko ƙarar tana damunsa, yanzu ya daina jin ta. Wannan "sabo" alama ce ta cewa ji ya fara raguwa. Raguwar takan soma da sautuka masu kaifi, shi ya sa mutum zai riƙa jin ana magana amma ya kasa rarrabe kalmomi, musamman cikin hayaniya. Baƙaƙe irin su /s/ da /f/ da /ts/ ne ke fara ɓace masa. Kuskure na biyu shi ne zaton kayan lantarki kaɗai ke da illa. Kakaki da algaita da tambari suna da ƙara ƙwarai, kuma suna kusa da kunnen mai su da na wanda ke gefensa. Na uku shi ne toshe kunne da auduga, wadda kariyarta ba ta taka kara ta karya ba. Akwai matoshin kunne na musamman da ke rage ƙara ba tare da ɓata daɗin kiɗa ba. Inda babu shi, ko matoshin soso na ma'aikatan masana'antu ya fi auduga, haka ma nisantar lasifika da fita waje a huta tsakanin waƙa da waƙa.

5.0 Hannu da Kafaɗa da Baki

Makaɗi yana maimaita motsi iri ɗaya sau dubbai a zama guda, galibi jikinsa a karkace. Mai kalangu yana rataye da shi a kafaɗa ɗaya, yana matsa igiyoyinsa yana saki don sauya amo, ɗaya hannun kuma yana bugu. Mai goge yana riƙe da hannu a lanƙwashe na sa'o'i. Masu kiɗan ƙwarya suna zaune a ƙasa a sunkuye. Sakamakon shi ne ciwon wuya da kafaɗa da baya, kumburin jijiyoyin wuyan hannu, da mutuwar yatsu idan aka danne jijiyar da ke kai musu saƙo.

Kuskuren da ya fi yawa a nan, a Turai da Afirka baki ɗaya, shi ne ɗaukar ciwo a matsayin kuɗin ƙwarewa. Yaron makaɗi da ya ce hannunsa na ciwo, sai a kira shi rago. Gajiyar tsoka bayan aiki abu ne da hutun dare ke kawarwa. Ciwon da ke dawowa duk lokacin da aka ɗauki kayan kiɗa, ko wanda ke tare da mutuwar yatsa, gargaɗi ne. Rauni ya fi aukuwa idan aka ƙara yawan aiki kwatsam, kamar wanda ya yi watan azumi bai taɓa ganga ba, sannan ya shiga hidimar salla dare da rana.

Akwai wata cuta da ta fi sauran ɗaure kai, ana kiranta distoniya. Leon Fleisher, gwanin fiyano na Amurka, yana da shekara 36 a 1964 lokacin da yatsu biyu na hannunsa na dama suka fara naɗewa da kansu duk sanda ya zauna kaɗawa. Ya yi shekaru kusan talatin yana wasa da hannun hagu kawai. Sai bayan da aka gane cutar aka yi masa allurar Botox da gyaran tsoka ya dawo da hannu biyu, har ya fitar da faifai a 2004. Cutar ba ta da zafi, hannun kuma yana iya sauran ayyuka lafiya lau. Matsalar tana ƙwaƙwalwa, inda yawan maimaita motsi ɗaya ke rikita saƙon da ke tafiyar da yatsu. An ƙiyasta tana kama wajen 1 cikin 100 na ƙwararrun makaɗa. Ba wuya a ga yadda za a fassara irin wannan a inda ba a san ta ba: hannun da ke cin tuwo lafiya, amma ya ƙi motsi idan ya taɓa garaya, da kyar a yarda ba ɗaure shi aka yi ba. Ƙara matsa wa hannun da atisaye kuwa ƙara tsananta ta yake yi.

Masu bugu da tafin hannu, kamar masu kotso, suna da wani abin lura na daban. Binciken da aka buga a 2008 kan makaɗan bikin kandombe a Yurugwai ya nuna cewa bugun ganga na sa'o'i yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini a tafin hannu, har fitsari ya fito da launin tsatsa. Galibi yana wucewa da kansa, amma idan ya haɗu da ƙishirwa da shan magungunan kashe ciwo irin su diklofenak, yana iya taɓa ƙoda. A yankin da aka saba danganta jan fitsari ga tsargiya, gwajin asibiti ne kaɗai zai rarrabe.

Mabusa kuwa leɓe da kumatu ne ke ɗaukar nauyin. Louis Armstrong, mai busa ƙahon jaz na Amurka, ya sha fama da tsagewar leɓe tsawon rayuwarsa ta wasa. An kuma gano cewa busa kayan da ke buƙatar matsa iska da ƙarfi yana ɗaga matsin cikin ido na ɗan lokaci. Algaita da kakaki suna cikin irin waɗannan kaya, don haka ya dace tsohon mabushi ya riƙa zuwa gwajin ido, musamman idan akwai ciwon gilakoma a danginsu.

6.0 Kayan Kiɗan Kansu

Fatar da ake rufe ganga da ita tana iya ɗauke da ƙwayar cutar antaraks idan dabbar da ita ta mutu, kuma ƙwayar tana daɗewa shekaru a busasshiyar fata. A 2006 wani makaɗi ɗan asalin Kodebuwa da ke zaune a Niyok ya kamu da ita bayan ya kankare fatun awaki da ya shigo da su, ya sha da kyar. A 2008 wani mai haɗa ganguna a Landan ya rasu da ita. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma haɗarin ya fi ga mai kankare gashi da jeme fata bisa ga mai bugu. Kariyarsa ita ce guje wa fatar mushe ko ta dabbar da ta faɗi farat ɗaya, da yin aikin a sarari. Kayan busa kuwa danshin numfashi yana taruwa a cikinsu, fumfuna ta tsiro, mabushi ya riƙa shaƙa. Likitocin Ingila sun ba da rahoto a 2016 kan wani mabushi da ya rasu da ciwon huhu ta wannan hanya. Wankewa da shanya kayan busa bayan wasa ya wadatar.

7.0 Tsoron Taro da Shaye-shaye

Mutane kan zaci wanda ya shekara ashirin a fage ba ya jin faɗuwar gaba. Binciken 1988 da aka ambata ya nuna akasin haka: kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makaɗan sun ce tsoron taro matsala ce gare su, kuma kashi 27 cikin 100 sun taɓa shan wani maganin zuciya don hana rawar hannu, mafi yawansu ba da izinin likita ba. Bushewar baki da bugun zuciya da gumi martanin jiki ne da kowa ke da shi, kuma ana koyon sarrafa shi ta hanyar shiri da numfashi da shawarar masana.

Inda ba a magana kan tsoro, ƙwaya ke cike gurbin. A Afirka ta Yamma tiramadol, wanda aka fi sani da tiramol, da maganin tari mai kodin sun yaɗu tsakanin masu aikin ƙarfi da na dare. Binciken da aka gudanar a Nijeriya tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda ya fito a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magunguna ba don jinya ba a shekarar da aka auna. A 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Alƙaluman na jama'a ne gaba ɗaya, kuma zalunci ne a yi wa masu sana'ar waƙa kuɗin goro. Sai dai yanayin aikinsu, wato rashin barci da doguwar tafiya da buƙatar fara'a ko da rai a ɓace, yana buɗe wa jarabar ƙofa. Tiramol yana kama mutum ya kasa bari, yawansa kuma yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Taba da wiwi da shisha suna ƙona tantanin maƙwallato kai tsaye, giya kuma tana busar da jiki.

Zancen cewa maye ke kawo basira yana da ɗan'uwa a Turai, wato camfin shekara 27. Saboda Jimi Hendrix da Janis Joplin da Jim Morrison da Kurt Cobain da Amy Winehouse duk sun rasu suna da shekara 27, sai aka ɗauka akwai wani mugun abu a wannan shekara. A 2011 masu bincike suka duba mawaƙa 1,046 da faifansu ya taɓa zama na ɗaya a Birtaniya tsakanin 1956 da 2007. Ba su sami wani yawan mutuwa na daban a shekara 27 ba. Abin da suka samu shi ne, haɗarin mutuwar mawaƙan a shekarunsu na ashirin da na talatin ya ninka na sauran jama'a sau biyu zuwa uku. Camfin ya jingina laifin ga lamba, ya kau da ido daga irin rayuwar da suke yi.

Hanya ma tana cikin wannan rayuwa. Masu wasa kan taso daga gari bayan tsakar dare, direba a gajiye, don su riski wani taro. Masana'antar finafinan Hausa ba ta manta da rasuwar Ahmad S. Nuhu a haɗarin mota a farkon 2007 ba.

8.0 Dalilin Ɓoye Ciwo

Duk waɗannan kurakurai suna da tushe guda, shi ne tsoron a sani. Makaɗin fada yana tsoron a ce ya tsufa a kawo wani. Mawaƙin zamani yana tsoron masu biki su koma ga abokin hamayya. Uban kiɗa yana ɗauke da ƴan amshi da makaɗa da iyalansu, hutunsa na mako biyu yunwar gidaje da yawa ce. Ga kuma kallon da al'umma ta daɗe tana yi wa roƙo da kiɗa, wanda ke sa mai sana'ar ya ji nauyin gaya wa likita abin da yake yi. A irin wannan hali, cewa an yi wa mutum jifa ya fi sauƙin faɗi bisa ga cewa jikinsa ya gaza, domin jifa shaida ce ta ɗaukaka, gazawa kuwa kasuwa take kashewa.

Akwai misalin abin da faɗin gaskiya ke iya yi. Da Fela Kuti ya rasu a watan Agustan 1997, yayansa Olikoye Ransome-Kuti, likita kuma tsohon ministan lafiya na Nijeriya, ya fito fili ya ce cutar ƙanjamau ce ta yi ajalinsa. Wannan sanarwa ta sa mutane da yawa da ke ƙaryata cutar suka fara ɗaukarta da gaske.

9.0 Kammalawa

An ga yadda murya da kunne da hannu suke aiki, da yadda sana'ar kiɗa da waƙa ke cin kowannensu. An kuma ga cewa kariyar ba ta da tsada: ruwa da hutu ga murya, nisa da matoshi ga kunne, sassauta aiki da zarar ciwo ya fara ga hannu, da zuwa asibiti kafin abu ya yi nisa. Wurin da ya fi dacewa a koyar da wannan shi ne inda ake koyon sana'ar, ko a gidan uban kiɗa ne, ko a situdiyo, ko a makaranta irin cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gidajen rediyo suna iya amfani da ranar 3 ga Maris, ranar ji ta duniya, da 16 ga Afrilu, ranar murya ta duniya, su yi bayani da Hausa.

Masu nazarin harshe da adabi su ma suna da rawar takawa. Su ne ke zama da makaɗa suna ɗaukar waƙoƙinsu da tarihinsu, su ne kuma ke da kalmomi irin su tantanin maƙwallato da ziza, waɗanda za a iya yi wa mawaƙi bayanin jikinsa da su cikin harshensa. Likita kuma, idan mai dusasshiyar murya ko mai ciwon kafaɗa ya zauna gabansa, ya dace ya fara da tambayar da Ramazzini ya ba da shawara a kanta shekaru fiye da 300 da suka wuce, wato ya tambaye shi sana'arsa.